Tallafin da Aka Buɗe wa Kowa: Nazarin Lamarin Wani Kamfanin Lauyoyi a Amurka, 1991 zuwa 2025

## Asalin matsalar, kafin 1991

An kafa kamfanin lauyoyin da wannan nazari ya shafa a birnin Seattle na jihar Washington, a arewa maso yammacin Amurka, a shekarar 1912. Ya girma tare da masana'antar ƙera jiragen sama ta yankin, domin Boeing yana cikin tsofaffin abokan cinikinsa, kuma a 'yan shekarun nan yana da lauyoyi sama da 1,000 a ofisoshi daban-daban a faɗin ƙasar. Matsalar da ya gada ita ce wadda manyan kamfanonin lauyoyi na Amurka duka suka gada: masu riƙe da manyan kujeru kusan dukansu fararen fata ne maza, alhali jama'ar ƙasar da ɗaliban makarantun lauya sun daɗe da sauya kama.

Wannan hali yana da tarihi a rubuce. A shekarar da aka kafa kamfanin, Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta gano cewa ta karɓi baƙaƙen fata uku ba tare da ta san launinsu ba, sai ta sa ƙa'idar cewa duk mai neman shiga sai ya bayyana launinsa, kuma ba ta janye wannan shinge ba sai a 1943. Sandra Day O'Connor, wadda ta zama mace ta farko a Kotun Ƙolin Amurka a 1981, ta kammala karatun lauya a jami'ar Stanford a 1952 tana cikin na gaba-gaba a ajinsu, amma aikin da wani kamfanin lauyoyi ya yi mata tayi shi ne na sakatariya. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta wariya wajen ɗaukar aiki, sai dai sai a 1984 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta shafi har shawarar da kamfanin lauyoyi ke yankewa kan wanda zai ɗaga zuwa matsayin abokin tarayya.

Ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai an san yadda ake hawa matakan sana'ar. A Amurka ana karatun lauya ne shekara uku bayan digiri na farko, kuma ɗalibai da yawa kan fito da bashin da ya haura dala 100,000. Manyan kamfanoni ba sa jiran ɗalibi ya kammala. Suna zuwa wasu 'yan zaɓaɓɓun makarantu, su duba sakamakon shekarar farko, su ɗauki waɗanda suka ga dama aikin koyo mai albashi a lokacin dogon hutu, kuma mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki ana ba su takardar aikin dindindin. Wannan ita ce ƙofa ta farko. Wanda ya shige ta zai zama ƙaramin lauya mai albashi na tsawon shekara takwas zuwa goma, ana sa ran ya yi aikin da za a caji abokan ciniki a kansa na kusan awa 2,000 a shekara, kafin a duba ko ya cancanci zama abokin tarayya, wato mai rabo a ribar kamfanin da bakin magana a harkokinsa. Wannan ita ce ƙofa ta biyu, kuma ta fi ta farko ƙunci nesa ba kusa ba, domin a tsawon waɗannan shekaru manyan lauyoyi ne ke zaɓar wanda za su ba aiki mai tsoka, wanda za su tafi da shi gaban abokin ciniki, da wanda za a bari yana tace tarin takardu a bayan fage.

Ƙididdigar Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta daɗe tana nuna cewa baƙaƙen fata ba su wuce kusan kashi 5 cikin 100 na lauyoyin ƙasar ba, alhali sun kai kimanin kashi 13 cikin 100 na jama'a.

## 1991: tallafin ɗalibai

Matakin farko da kamfanin ya ɗauka a tsare ya nufi ƙofar farko ce. A 1991 ya ƙirƙiro shirin tallafi ga ɗaliban lauya 'yan shekarar farko, daga baya ya ƙara na 'yan shekara ta biyu. Kamar yadda shirin yake a 2023, wanda aka zaɓa yana samun kuɗin tallafi tsakanin dala 15,000 zuwa 25,000, tare da gurbin aikin dogon hutu mai albashi, gurbin da a manyan kamfanoni kan kai mutum ga aikin da albashinsa na farko ya kai ko ya haura dala 200,000 a shekara. Ke nan darajar shirin ta fi ƙarfin kuɗin tallafin kansa, domin gurbin shi ne babbar kyautar.

Sharaɗin shiga a rubuce yake a shafin kamfanin. Bayan kyakkyawan sakamako, dole mai nema ya kasance cikin wani rukuni da tarihi ya nuna ba a cika damawa da shi a sana'ar lauya ba, kuma an lissafa misalai: ɗaliban da ba fararen fata ba, masu neman jinsi ɗaya da makamantansu, da masu buƙata ta musamman.

A lokacin da aka tsara shirin, shari'a tana ba shi inuwa. A 1978 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i ware adadin gurabe bisa launin fata, amma ta yarda a duba launi a matsayin ɗaya daga cikin dalilai. A 1979 ta amince wa wani kamfanin alminiyam ya gudanar da shirin horo na ganin dama wanda ya keɓe rabin gurabensa ga baƙaƙen fata. A 2003 ta sake tabbatar da matsayinta a shari'ar makarantar lauya ta jami'ar Michigan, inda O'Connor ɗin nan ta rubuta cewa kotu tana sa ran nan da shekara 25 ba za a ƙara buƙatar irin wannan fifiko ba. Ko dokar da masu zaɓe a jihar Washington suka amince da ita a 1998, wadda ta hana fifiko bisa launi ko jinsi, ta tsaya ne kan hukumomin gwamnati da makarantunta, ba ta taɓa kamfanoni masu zaman kansu ba.

Mai karatu a Najeriya zai iya tuna tsarin raba-daidai da ke sashe na 14 na kundin tsarin mulki na 1999. Bambancin yana da muhimmanci ga wannan labari. A Najeriya kundin ne da kansa ya umarci gwamnati ta raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa. A Amurka babu dokar da ta umarci kamfani ya fifita kowa. Abin da doka ta faɗa shi ne kada a nuna wariya, saboda haka duk shirin fifiko yana rayuwa ne a kan sassaucin da kotuna suka yi wajen fassara, sassaucin da wata kotu za ta iya janyewa.

## 2008 zuwa 2020: matsin abokan ciniki da ƙa'idar Mansfield

Bayan kusan shekara ashirin da irin waɗannan shirye-shirye, ya bayyana a sana'ar baki ɗaya cewa ana samun sauyi a ƙofar farko amma ba a samunsa a ta biyu. Ana ɗaukar mata da 'yan tsiraru, sai su bar aiki kafin su kai matsayin tarayya. Tun daga 2016 mata suka zarce maza yawa a makarantun lauya, amma kujerun sama ba su nuna haka ba.

Matsin da ya fi tasiri ya fito ne daga masu biyan kuɗi. A 2008 Microsoft, maƙwabcin kamfanin a jihar Washington, ya fara ba kamfanonin lauyoyinsa ƙarin kuɗi idan sun nuna ci gaba wajen damawa da kowa. A 2017 HP ya sanar cewa zai iya riƙe har kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin kamfanin da bai cika sharuɗɗansa ba. A watan Janairun 2019 manyan lauyoyin cikin gida na kamfanoni fiye da 170 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa, bayan wani babban kamfanin lauyoyi na New York ya wallafa hoton sabbin abokan tarayyarsa 12 a ƙarshen 2018, hoton da ya jawo ce-ce-ku-ce saboda kusan dukansu fararen fata ne maza, suna cewa za su karkatar da kuɗinsu ga waɗanda suka nuna da gaske suke. Kisan da wani ɗan sanda ya yi wa baƙar fata George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020 ya ƙara wa wannan matsi ƙarfi.

Matakin kamfanin na biyu ya zo a cikin wannan yanayi. A 2019 ya sanar cewa yana bin ƙa'idar Mansfield, wadda wata cibiya mai suna Diversity Lab ta ƙaddamar a 2017, aka kuma sa mata sunan Arabella Mansfield, mace ta farko da aka ba izinin aikin lauya a Amurka, a jihar Iowa a 1869. Abin da ƙa'idar ke nema a lokacin shi ne, duk lokacin da za a cike wata babbar kujera, ko ɗaga wani zuwa tarayya, ko ɗauko babban lauya daga wani kamfani, aƙalla kashi 30 cikin 100 na waɗanda za a duba su kasance mata ko 'yan rukunonin da aka bari a baya. Ba ta ce a zaɓi kowa ba. Ta tsaya kan jerin sunayen da za a ajiye a kan tebur, kuma ta tilasta wa kamfani ya riƙa rubuta wa aka duba da lokacin da aka duba shi, domin sai da wannan bayani cibiyar ke ba da shaidar cika ƙa'ida.

Zuwa 2020 ke nan kamfanin yana da kayan aiki iri biyu masu kama da juna a idon mai kallo daga nesa, amma ginin shari'arsu ya bambanta: ɗaya yana cewa wane ne ba zai iya nema ba, ɗayan yana cewa wane ne ba za a manta da shi ba wajen dubawa.

## Yuni zuwa Agusta 2023: hukunci da ƙara

Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da wata ƙungiya ƙarƙashin jagorancin Edward Blum, mai fafutukar adawa da fifiko bisa launin fata, ta shigar kan jami'ar Harvard da jami'ar North Carolina, ta ce duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai ya saɓa wa doka. Hukuncin bai yi magana kan kamfanoni ba. Babban Alƙali John Roberts ya kuma bar wata 'yar kafa: babu abin da ya hana jami'a sauraron bayanin mai nema kan yadda launinsa ya shafi rayuwarsa, muddin abin da ake aunawa shi ne hali ko ƙwazon da ya nuna shi a karan kansa. Ya haɗa da gargaɗin cewa ba za a yarda a dawo da haramtaccen tsarin ta bayan gida da sunan rubutun neman shiga ba.

Ba a yi wata guda ba saƙo ya isa kamfanoni. A watan Yuli manyan lauyoyin gwamnati na jihohi 13 da ke hannun jam'iyyar Republican suka rubuta wa manyan kamfanoni 100 na ƙasar wasiƙar gargaɗi, Sanata Tom Cotton kuma ya aika wa kamfanonin lauyoyi 51 tasa. Ranar 22 ga Agusta wata ƙungiyar Blum ɗin ta daban ta shigar da ƙara kan wannan kamfani a kotun tarayya da ke Dallas a jihar Texas, inda yake da ofis, a rana ɗaya da wata ƙarar makamanciyarta kan wani kamfanin a Miami. Ƙungiyar ta ce tana wakiltar wani ɗalibi farar fata da ba a bayyana sunansa ba, wanda ya cika dukkan sharuɗɗa sai na rukuni.

Dokar da masu ƙara suka dogara da ita ta fi kamfanin tsufa. Ita ce dokar 'yancin jama'a ta 1866, wadda aka fi sani da sashe na 1981, da aka kafa bayan yaƙin basasa don kare 'yantattun bayi, kuma ta ce kowane mutum yana da irin 'yancin ƙulla yarjejeniya da fararen fata ke da shi. A 1976 Kotun Ƙoli ta fassara ta a shari'o'i biyu: ta shafi masu zaman kansu, kuma tana kare fararen fata kamar yadda take kare baƙaƙe. Hujjar masu ƙara gajera ce. Tallafi da gurbin aiki yarjejeniya ce, shafin kamfanin kuma ya rubuta cewa farar fatar da ba ya cikin sauran rukunonin ba zai iya ƙulla ta ba. Ba su buƙaci dogon bincike ba, domin shaidarsu tana kan intanet.

Amsar farko ta kamfanin ita ce zai kare kansa da duk ƙarfinsa.

## Oktoba 2023: sauya sharaɗi

Bai yi hakan ba. A farkon Oktoba ya maye gurbin tsohon shirin da sabo, wanda aka buɗe wa duk ɗalibin lauya da ke da kyakkyawan matsayi a makarantarsa, ba tare da la'akari da launi ko rukuni ba. A madadin tambayar rukunin da mutum ya fito, sabon shirin yana auna abin da mai nema ya aikata don faɗaɗa damawa da kowa, da irin cikas ɗin da ya ci karo da shi a rayuwa da yadda ya jure masa. Tallafi da gurbin aiki suna nan. Cikin wannan watan, ƙasa da wata biyu bayan shigar da ƙarar, ƙungiyar Blum ta janye ta ba tare da kotu ta yanke hukunci kan ainihin batun ba. Kamfanin da aka kai ƙara a Miami ya bi wannan hanyar, haka ma wani na uku da aka kai ƙara daga baya, wasu da dama kuma da ba a taɓa su ba suka gyara shafukansu shiru, tun da gemun ɗan'uwa ya kama wuta.

Ƙa'idar Mansfield ba ta cikin abin da aka kai ƙara a kansa, kuma kamfanin bai taɓa ta ba a wannan lokaci.

## 2024: abin da ya sami wanda ya tsaya

A watan Agustan 2023 ɗin, ƙungiyar Blum ta kuma kai wani asusun zuba jari na Atlanta mai suna Fearless Fund ƙara, bisa wannan sashe na 1981, saboda gasar da yake ba mata baƙaƙen fata masu ƙananan sana'o'i kyautar dala 20,000. Asusun ya zaɓi ya fafata. A watan Yunin 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Atlanta, da rinjayen alƙalai biyu cikin uku, ta ce da alama gasar ta saɓa wa dokar, ta umarci a dakatar da ita. A watan Satumba asusun ya sasanta, ya rufe gasar gaba ɗaya.

## Maris 2025: umarnin shugaban ƙasa

Ranakun 20 da 21 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin da suka rushe shirye-shiryen damawa da kowa a gwamnatin tarayya, har da soke umarnin Shugaba Lyndon Johnson na 1965 kan 'yan kwangila. Ranar 6 ga Maris ya fitar da wani umarnin da ya ambaci wannan kamfani da suna.

Umarnin ya kawo dalilai iri biyu. Na farko siyasa ce: kamfanin ya yi wa yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton aiki a 2016, kuma ta hannunsa aka ɗauki kamfanin binciken da ya samar da rahoton nan mai zargin alaƙar Trump da Rasha. Lauyoyi biyu da suka fi shahara a wannan aiki sun bar kamfanin tun 2021. Dalili na biyu shi ne zargin wariyar launi, inda umarnin ya ce kamfanin ya sanar da kason gurabe a 2019, ya kuma hana wasu neman tallafinsa bisa launi har sai da aka kai shi ƙara. Hukuncin da umarnin ya tanada ya haɗa da dakatar da izinin ganin bayanan sirri ga ma'aikatansa, taƙaita shigarsu gine-ginen gwamnatin tarayya, hana hukumomi ɗaukar su aiki, da tilasta wa 'yan kwangilar gwamnati su bayyana ko suna hulɗa da kamfanin, tare da umartar hukumomi su duba yiwuwar soke kwangilolin. Wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin da yawa daga cikin manyan abokan cinikinsa suna da kwangila da gwamnati, kuma kamfanin ya shaida wa kotu cewa wasu sun fara janye aikinsu cikin 'yan kwanaki.

A wannan karon ya tafi kotu. Ya ɗauki wani kamfanin lauyoyi na birnin Washington da ya yi suna a fafatawar kotu, ya shigar da ƙara ranar 11 ga Maris, washegari kuma Mai Shari'a Beryl Howell ta ba da umarnin wucin gadi da ya dakatar da manyan sassan umarnin.

Ranar 17 ga Maris, muƙaddashiyar shugabar hukumar tabbatar da daidaito wajen ɗaukar aiki ta EEOC, Andrea Lucas, ta aika wa kamfanonin lauyoyi 20 wasiƙu, ciki har da wannan, tana neman bayanan shekaru kan waɗanda suka nemi tallafi da gurabe, launinsu, jinsinsu da sakamakon nemansu. Sana'ar ta rabu biyu. Ranar 20 ga Maris kamfanin New York ɗin nan mai hoton 2018, wanda shi ma aka fitar da umarni a kansa, ya sasanta da fadar shugaban ƙasa, ya yi alkawarin aikin lauya kyauta na dala miliyan 40 da barin manufofin damawa da kowa. Zuwa tsakiyar Afrilu kamfanoni tara sun ƙulla irin wannan yarjejeniya, jimillar alkawarinsu ta kai kusan dala miliyan 940. A ɗaya ɓangaren, kamfanoni sama da 500 suka sa hannu a takardar goyon bayan wannan kamfani a gaban kotu, ko da yake waɗanda suka fi kowa samun kuɗi a ƙasar ba sa cikinsu.

## Mayu zuwa Yuni 2025: hukuncin kotu

Ranar 2 ga Mayu Mai Shari'a Howell ta fitar da hukunci mai shafi 102, ta soke umarnin ɗungurungum. Ta ce ramuwar gayya ce kan ra'ayi da kan abokan cinikin da kamfanin ya wakilta, kuma ya saɓa wa gyara na 1, na 5 da na 6 na kundin tsarin mulki, wato 'yancin faɗar albarkacin baki, 'yancin a bi ƙa'ida kafin a hukunta mutum tare da daidaito a gaban doka, da 'yancin zaɓar lauya. Kan zargin wariya, ta duba abin da gwamnati ta gabatar ta ga bai kai hujja ba. Tallafin a buɗe yake ga kowa tun 2023. Ƙa'idar Mansfield ba ta ware wa kowa kaso ba, tana neman a duba mutane ne kawai. Furucin da kamfani ke yi na goyon bayan damawa da kowa kuwa ra'ayi ne da kundin ya kare.

Wasu kamfanoni uku da aka fitar da umarni a kansu suka kuma kai ƙara duk sun yi nasara a gaban alƙalai daban-daban kafin ƙarshen Yuni, biyu daga cikin alƙalan kuma shugaban ƙasa ɗan Republican ne ya naɗa su. A ƙarshen watan gwamnati ta ɗaukaka ƙara kan hukuncin Howell. Cikin wannan watan ne kuma, ranar 5 ga Yuni, Kotun Ƙoli baki ɗayanta ta yanke a wata shari'a daga jihar Ohio cewa ɗan rukunin masu rinjaye da ya yi ƙarar wariya a wurin aiki ba za a ɗora masa nauyin hujja fiye da na kowa ba.

## Abin da ya faɗi, abin da ya tsaya, da dalili

Abin da ya faɗi shi ne sharaɗin rukuni, kuma ya faɗi cikin makonni bayan ya yi shekara 32 yana aiki. Rauninsa ba sabo ba ne, tun 1976 yake nan a fassarar dokar 1866. Abin da ya sauya a 2023 shi ne an sami mai niyyar kai ƙara da kotunan da ke shirye su saurare shi. A ganina, ko da babu barazanar kotu, sharaɗin ma'auni ne mai faɗi da yawa: ɗan babban likita da ya taso cikin wadata yana iya cika shi, ɗan mai haƙar kwal da babu wanda ya taɓa shiga jami'a a gidansu yana iya kasa cikawa. Masu kare shi suna da amsa mai nauyi, cewa wadata ba ta hana baƙar fata fuskantar wariya a ɗakin tantancewa, kuma tarihin sana'ar yana bayansu. Amma wannan amsa hujja ce ta a saurari labarin mutum, ba ta kai ta rufe wa wani ƙofa tun kafin ya buɗe baki ba.

Janyewar Oktoban 2023 ta jawo wa kamfanin zargin tsoro daga wasu, musamman bayan ya ce zai fafata. Abin da ya sami asusun Atlanta ya nuna inda fafatawar za ta iya kai shi, kuma asusun ya rasa shirinsa ne gaba ɗaya, alhali kamfanin ya tsira da kuɗin tallafi da gurabensa. Ribar da ta fi wannan girma ba ta bayyana ba sai bayan wata goma sha bakwai. Lokacin da gwamnati ta zarge shi da wariya a 2025, abu ɗaya da zai iya zama hujja ta gaske an riga an cire shi, ba a kuma taɓa yanke hukuncin cewa ya karya doka ba. Da ya dage a Dallas ya sha kaye, da lauyoyin gwamnati sun shiga kotun Howell da hukuncin wata kotun tarayya a hannu. Ya saki abin da ba zai iya karewa ba a gaban mai ƙara mai zaman kansa, shi ya sa ya iya tsayawa a gaban gwamnati kan abin da kundin ƙasa ke kare masa.

Ƙa'idar Mansfield ta tsallake binciken kotu saboda yadda aka gina ta: ba ta hana kowa nema, ba ta tilasta zaɓar kowa, kuma tana barin takardu a baya. Sai dai bai kamata a ɗora wa hukuncin 2 ga Mayu abin da bai ɗauka ba. Shari'a ce kan iyakar ikon shugaban ƙasa da 'yancin lauya ya wakilci wanda ya ga dama. Kotu ba ta ce shirye-shiryen kamfanin sun cimma manufarsu ba, ta ce ne gwamnati ba ta nuna sun karya doka ba, kuma hukuncin Ohio ya sauƙaƙa wa duk wanda ke son gwada sa'arsa nan gaba.

Matsalar asali kuwa tana nan a ƙofa ta biyu. Ƙididdigar ƙungiyar NALP, mai bibiyar ɗaukar lauyoyi aiki, ta nuna cewa a 2023 mata sun haura rabin ƙananan lauyoyi a karon farko, amma ba su kai kashi 30 cikin 100 na abokan tarayya ba, baƙaƙen fata kuma ba su kai kashi 3 ba. Shekara talatin na tallafin ɗalibai a faɗin sana'ar sun cika ƙasan tsani fiye da samansa. Abubuwan da ke yanke makomar ƙaramin lauya, wato wa ke raba aiki, wa ake kai wa gaban abokin ciniki, da sunan wa ake rubuta cinikin da aka kawo, ana iya gyara su duka ba tare da an ambaci launin kowa ba, kuma ba su ne masu ƙara suka kai hari a kansu ba. Sun fi wahalar gyarawa ne saboda suna taɓa aljihu da al'adar manyan lauyoyin kansu, ba kamar tallafin ɗalibai ba, wanda kasafin kuɗi ke ɗauka ba tare da kowa ya sauya yadda yake aiki ba.

Sabon sharaɗin tallafin ma yana da nasa haɗarin. Idan kwamitin zaɓe ya riƙa karanta labarin cikas da juriya don ya gano launin mai nema kawai, gargaɗin Roberts zai hau kansa, kuma wasiƙun EEOC sun nuna irin bayanan da za a nema: wa ya nema, wa aka ɗauka, a wace shekara. Kwamitin da ya ɗauki sabon ma'aunin da gaske sai ya karanta kowace takarda, ya rubuta dalilin zaɓensa a kan abin da mutumin ya yi, ya kuma yarda cewa a wasu shekarun jerin waɗanda suka yi nasara ba zai yi kama da na kafin 2023 ba.